Kafin a Kulle Masa Ƙofa: Yadda Dangi Za Su Kai Mashayin Giya Asibiti

A Kano giya ba abar da ake ambata ba ce a tsakar gida. Uwa tana iya kai kukan ɗanta wajen maƙwabciya ta ce ya faɗa wa wiwi ko sirop, har a zauna a yi jaje a nemi mafita. Amma magidanci mai 'ya'ya biyar da ke tsallakawa Sabon Gari bayan isha'i, ya dawo yana taunar kanumfari don kashe wari, wannan sai a yi gum. Matarsa ta sani, mahaifiyarsa ta sani, ƙannensa sun sani, kowa kuma yana nuna bai ga komai ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisbah a 2003, sai tsoron hukunci ya haɗu da kunya, shirun ya ƙara nauyi. Haka ake tafiya shekara da shekaru ana kiran abin rufin asiri, har ranar da idon mutum zai yi ɗorawa ko ya fara aman jini, sannan a ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibitin da ya kamata a kai shi da ƙafarsa tun shekara biyar baya.

Haramcin giya ba abin jayayya ba ne, kuma mashayin da kansa ya fi kowa sanin haka. Ba jahilcin hukunci ne ke mai da shi ba. Wanda ya shekara yana sha kullum, jikinsa ya sauya. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta ƙara ƙaimi don ta ci gaba da aiki duk da nauyin da ke kanta. Ranar da aka cire giyar farat ɗaya, nauyin ya tafi amma ƙaimin yana nan, kamar mota ce da aka saba tuƙawa da birki a take, sai aka saki birkin ba a sassauta totur ba. Daga nan ne karkarwa da gumi da bugun zuciya da jijjiga suke fitowa. Duk dangin da suka fahimci wannan batu guda sun tsira daga kuskuren da ya fi kowanne hatsari, wato a kulle mutum a ɗaki a ce sai giyar ta fita daga jikinsa.

Ga abin da ke faruwa a ɗakin da aka kulle. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, hannu ya fara rawa, zufa tana karyowa ko da sanyi ake, zuciya tana tashi, barci ya ƙaurace. Tsakanin awa 12 zuwa 48 ne lokacin da jijjiga irin ta farfaɗiya take zuwa, ga mutumin da bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. A kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu suna shiga mataki mafi muni: ruɗewa, zazzaɓi, sambatu, gane-gane. Mutum ya riƙa kakkaɓe jikinsa yana cewa ƙwari na bin sa, ko ya ga macizai a bango, ko ya kasa gane matarsa. A garinmu da wuya a ga haka ba a ce iska ce ta taɓa shi ko sammu aka yi masa ba, sai a tafi neman mai ruƙiyya, a turara masa hayaƙi, lokaci yana ƙurewa. Ba a hana addu'a ba, a yi ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Wannan yanayi yana kisa idan ba a ba da magani ba, kuma da magani yawanci ana tsallake shi lafiya. Ba kowane mashayi ne ke kaiwa nan ba, amma wanda ya taɓa jijjiga a baya, ko yake sha kullum da yawa, ko yake haɗawa da ƙwaya, ko ya manyanta, ko yake da wani ciwon, shi ne a sahun gaba.

Gidan mari ma kenan. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutane sama da 300, wasu da sasari a ƙafa, ya isa ishara. Ko da a ce babu duka babu yunwa, wurin da babu likita ba wurin raba mutum da giya ba ne.

Yadda za a san inda abin ya kai

Kafin a yi maganar asibiti, wani a cikin gida ya natsu ya lura na mako biyu, ba leƙen asiri ba, lura irin ta mai jinya. Alamar da ta fi kowace faɗin gaskiya da safe take bayyana. A dube shi lokacin karin kumallo: ya ɗauki kofin shayi da hannu biyu, cokali yana ƙara a jikin kofin, ya ture burodin ya ce ba ya jin ci, goshinsa da gumi, ƙaramar magana ta harzuƙa shi. Ya fita rabin awa ya dawo hannu ya tsaya cak, fara'a ta dawo. Wanda ya kai ga sai ya sha da safe kafin jikinsa ya daidaita, ya wuce matakin nasiha kaɗai, kuma kada a yarda ya daina da kansa ba likita.

A kuma yi ƙoƙarin sanin adadi, domin likita zai tambaya. Babbar kwalba mai mil 600, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa. Hanta kuwa abin da take iya ƙonewa bai wuce kamar giram 10 a awa ba. Wanda ya sha kwalba shida ya kwanta da tsakar dare, to da hantsi ma akwai sauranta a jininsa, a haka zai hau babur ko ya ja Adaidaita Sahu cike da 'yan makaranta. 'Yan ƙananan ledoji da kwalabe da ake sokewa a aljihu sun fi yaudara, domin da yawansu ƙarfinsu ya kai kashi 40, ninki takwas na giyar kwalba. Shi ya sa NAFDAC ta sanar da hana na leda da na kwalaben da ba su kai mil 200 ba a farkon 2024. Ogogoro da sauran haɗin gida ba wanda ya san abin da ke ciki. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda gubar metanol a cikin irin wannan haɗi. Mashayin da ya tashi yana cewa yana gani dishi-dishi, da ciwon ciki da haki, a tafi da shi nan take, metanol yana makantarwa.

Sai tambayar da dangi suka fi mantawa: me yake haɗawa da ita? Tiramol, kodin, rafanol, diyazefam, wiwi. Amsar tana sauya maganin da za a ba shi gaba ɗaya, kuma haɗa giya da waɗannan ƙwayoyi shi ke tsayar da numfashi a cikin barci.

Wa zai yi magana, kuma yaushe

Abin da aka saba shi ne taron dangi. A kira baffa da kawu da gwaggo, a zaunar da mutum a tsakiya, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, a kawo Alƙur'ani ya rantse. Ya rantse kuwa, yana kuka, kuma har zuciyarsa yake nufi. Bayan kwana uku jiki ya tayar masa, ya koma, yanzu ga giya ga nauyin karya rantsuwa, ga kunyar da za ta sa ya ƙara ɓoyewa. Ban ga amfanin sa wa mai wannan larura rantsuwa ba, illarta ta fi yawa.

An gwada wannan a ilmance. A wani bincike da aka wallafa a 1999 a Jami'ar New Mexico ta Amurka, an kwatanta hanyoyin da iyali ke bi da mashayin da ya ƙi zuwa magani. Inda aka shirya a taru a tunkare shi gaba da gaba, kusan 3 cikin 10 ne suka shiga magani, domin iyalai da yawa ma sun kasa aiwatar da taron. Inda aka koya wa mutum ɗaya na kusa da shi yadda zai sauya mu'amalarsa ta yau da kullum, ya yi magana a lokacin da ya dace, ya daina tare masa sakamakon shansa, ya kuma nuna jin daɗi ranar da bai sha ba, sama da 6 cikin 10 suka amince. Mutanen can ba mu ba ne, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce: wanda aka tozarta kare kansa yake yi, ba sauraro ba.

Don haka a zaɓi mutum ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Ba lallai babba a shekaru ba, wanda yake jin nauyinsa kuma bai taɓa ci masa fuska ba. Wani aminin ƙuruciya ne, wani yayarsa mace, wani limamin unguwa mai riƙe sirri. Kada a yi magana yana cikin maye, ba zai tuna ba, kuma nan ne hannu ke saurin tashi. Kada a yi a gaban 'ya'yansa ko matarsa in ba ita ce mai maganar ba. Lokacin da ya fi kyau shi ne washegarin wani abu da ya girgiza shi, ya faɗi da babur, ko an ba shi takardar gargaɗi a wajen aiki, ko ya farka bai san yadda ya iso gida ba. A irin wannan safiya ƙofa a buɗe take, amma ba ta daɗewa.

Maganar kuma ta tsaya a kan abin da ido ya gani da kuma lafiyarsa. Ƙani zai iya cewa: "Yaya, jiya da asuba na ji kana amai, kuma na ga hannunka yana rawa. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Na yanki kati, mu je a duba hantarka da hawan jini, ni zan kai ka." Mace ta ce wa mijinta: "Abban yara, ba faɗa na zo yi ba. Kwana uku ba ka ci abincin kirki ba, ka rame. Ina tsoron in rasa ka." A lura babu kalmar mashayi, babu ka zubar mana da mutunci, babu lissafin laifukan shekara goma. Ta ƙofar lafiyar jiki ake shiga, domin mutumin da zai yi fushi in an ce masa asibitin ƙwaƙwalwa zai yarda a auna masa hanta. Wannan ba yaudara ba ce, hantar tana bukatar awon da gaske. Abin da ba a so shi ne ƙarya, a ce masa za a je gaisuwa sai ya tsinci kansa a hannun ma'aikata. Wanda aka yi wa haka ya daina yarda da kowa a gidan.

In ya ce a'a, a bar maganar a nan, kada a ja. A ce masa katin yana nan duk ranar da ya shirya. Sau da yawa sai an yi haka sau uku ko huɗu a cikin watanni. Ga mai ganin sassauci ne ya yi yawa, ya tuna sahabin nan da aka riƙa kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, amma ba a yarda a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Taimakon da ke ƙara ciwo

Akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya waɗanda su ne ke shimfiɗa wa shan tabarma. Biyan bashin da ya ci a mashaya. Kiran maigidansa a kasuwa a ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ba shi kuɗin cefane a hannu alhali an san inda za su. In za a taimaki gidansa, a sayi shinkafa da mai a kai wa matar, a biya kuɗin makaranta a makarantar, a ba mai gida kuɗin haya hannu da hannu. A faɗa masa a fili, cikin ladabi, abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, kuma kada a yi barazanar da ba za a cika ba. Makullin mota ko na babur kuwa ba abin lallashi ba ne, in ya sha a karɓe, don ran wasu ne.

Sai babban kuskuren da ya zama ruwan dare: a yi masa aure ko zai natsu. Aure ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta saba da giya. Abin da yake yi shi ne ya jawo 'yar mutane cikin wahalar da aka ɓoye mata, bayan shekara biyu a sami saki da goyo. Wannan zalunci ne, a daina. Haka nan tura shi ƙauye wajen dangi ba tare da magani ba, an dai kawar da shi daga ido ne kawai.

Inda kuma ake duka, lissafi ya sauya. Matar da mijinta ke dukanta in ya bugu, kada a ce mata ta yi haƙuri ta taimaka masa ya warke. Ita da yara su koma inda suke da aminci tukuna, maganar magani ta biyo baya ta hannun maza 'yan'uwansa. Kuma mata ma suna kamuwa, nasu ɓoyon ya fi tsanani, jikinsu kuma ya fi saurin illatuwa da adadi kaɗan. Mai juna biyu da ke sha, ko kaɗan ne, a gaya wa ma'aikatan awo, domin giya tana ratsawa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri.

A asibiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ya amince, wani ya je ya gano ranar da likitocin ke zama, yadda ake yankar kati, da abin da za a kashe, domin in ya ce to yau, aka ce sai mako mai zuwa, an yi asarar damar. A cikin Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a hanyar Katsina. Ga larurar gaggawa, jijjiga ko aman jini ko suma, sashen gaggawa mafi kusa za a nufa, ko Asibitin Murtala ne ko na Nassarawa ko na Malam. Wanda ke gudun a gan shi a layin masu taɓin hankali yana iya farawa da likitan da ke duba kowa da kowa, shi zai tura shi gaba. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara, musamman in akwai ƙwaya a ciki.

Mutane da yawa suna tsoron in sun faɗa wa likita gaskiya maganar za ta kai ga hukuma. Likita ba ɗan sanda ba ne ba kuma ɗan Hisbah ba, ƙa'idar aikinsa ta ɗora masa riƙe sirrin majinyaci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙara jaddada haƙƙin majinyaci da mutuncinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗi abin da yake sha, nawa, tun yaushe, da kuma awa nawa ke nan rabonsa da ita, wannan na ƙarshen shi ke gaya wa likita inda ake a cikin kwanakin hatsari. Sau da yawa ana kwantar da mutum saboda karaya ko tiyata, dangi su ɓoye cewa yana sha, a kwana na uku ya birkice a kan gado, ma'aikata suna ta neman dalili. A kwashi duk ƙwayoyi da kwalaben maganin gargajiya da aka gani a ɗakinsa a tafi da su.

Likita zai yi tambayoyi, wataƙila da takardar nan mai tambaya 10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Zai sa a auna aikin hanta da ƙoda, sukari, yawan jini, da ciwon hanta nau'in B da C. Awon ciwon hantar yana da muhimmanci a wajenmu, domin nau'in B ya yawaita, kuma hantar da ƙwayar cuta ke ci giya kuma tana ci ba ta daɗewa. Daga nan zai yanke ko a ba shi gado ko ya riƙa zuwa daga gida.

Matakin farko shi ne sauke shi daga giyar lafiya, yawanci kwana 5 zuwa 10. Ana ba da magani mai kwantar da ƙwaƙwalwa, irin diyazefam, da yawa a farko, ana ragewa kullum har a tsayar. Jin sunan kada ya sa wani ya nufi kemis. Adadin ya danganta da yanayin hanta da abin da aka gani a jikin mutum a ranar, in aka haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi, in aka zarce da shi kuma an sauya wani kamu da wani ne. In daga gida ake yi, mutum ɗaya mai hankali ya riƙe maganin, ya ba da na kowane lokaci da hannunsa, ya kwana kusa da shi.

Abu na biyu da ake bayarwa, wanda ya kamata dangi su san sunansa har su tambaya, shi ne bitamin B1, wato tayamin. Mashayi ba ya cin abinci sosai, hanjinsa kuma ba ya tsotsar wannan sinadari yadda ya kamata. Ƙarancinsa yana kawo ruɗewa, tangaɗi ba tare da an sha ba, da rawar ƙwayar ido, in aka yi sakaci ya bar mutum da mantuwar da ba ta warkewa. Hatsarin yana ƙaruwa idan aka ɗaura masa ruwa mai sukari ba a haɗa da B1 ba. To mun san al'adarmu, da mutum ya galabaita sai a kira wani ma'aikacin lafiya na unguwa ya sa masa ƙarin ruwa a ɗaki. Ga mashayi, wannan gatan yana iya zama silar lalacewar ƙwaƙwalwarsa.

Bayan an sallame shi

A nan ne yawancin iyalai ke sakin jiki. An ga ya yi kwana goma, fuska ta washe, yana cin tuwo, sai a ce alhamdu lillahi ya warke, a daina komawa asibiti. Alhali wankin jiki kawai aka yi, sha'awar tana nan, kuma watanni ukun farko su ne mafi santsi. Barcinsa zai yi makonni bai daidaita ba, zai riƙa jin ƙunci da saurin fushi. A san da haka, kada a ɗauka rashin godiya ne. Ƙuncin yakan sassauta a cikin wata guda. In ya wuce haka, ko tun farko damuwa ce ta kai shi ga sha, to ita ma sai an yi mata magani. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce masa ya daina saɓo a wuce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga gidan, a koma wajen likita a ranar.

Akwai magungunan rage sha'awa da likita zai iya rubutawa in ana samunsu. Naltirezon, ƙwaya ɗaya a rana, yana rage daɗin da ake ji in an sha, amma ba a ba wanda ke shan tiramol ko kodin, zai jefa shi cikin azaba nan take, ga dalilin da ya sa aka ce kada a ɓoye komai. Akwai kuma disulfiram, wanda ke sa mutum amai da bugun zuciya da jan fuska in ya kurɓi giya. Shi wannan ana jin labarinsa sai a so a barbaɗa wa mutum a abinci a ɓoye. Kada a kuskura. Ga mai ciwon zuciya ko hanta yana iya zama ajali, kuma ba ya aiki sai ga wanda ya sani ya kuma yarda. Haka duk wani garin magani da aka ce a zuba masa a kunu zai tsani giya, ba a san abin da zai yi wa hantar da ta riga ta jigata ba. Ko farasitamol ma a tambayi likita adadin da ya dace da shi.

Sauran aikin na zama ne da tsara yini. A gano lokacin da ya saba fita, ga mafi yawa tsakanin magariba da sha ɗayan dare ne, da ranar da albashi ya shigo. Wannan gurbi in ba a cike shi ba, tsohuwar hanya za ta cike shi. Wani ya ja shi karatun dare a masallaci, wani ya zauna da shi kallon ƙwallo a gida, a sauya masa majalisa, in da hali a sauya hanyar da yake bi daga kasuwa. Kuɗi masu yawa kada su kwana a aljihunsa a watannin farko, da yardarsa. A mayar masa da girmansa a hankali, a riƙa shawara da shi a kan al'amuran gida, domin wanda aka mayar yaro a gidansa zai nemi inda ake kiransa oga. Ranar komawa asibiti kuma a raka shi, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

In ya koma ya sha, kuma da yawa suna komawa sau ɗaya ko fiye kafin su tsaya, ba a koma farko ba. A bar shi ya wartsake, a tambaye shi me ya faru a ranar, wa ya gani, me ya ɓata masa rai, a kira likita a cikin kwana ɗaya ko biyu kafin jiki ya sake sabawa. A sani kuma bayan hutu jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba, abin da yake shanyewa a baya yana tafiya yanzu zai iya kayar da shi. In aka same shi a buge ba ya motsi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a tanƙwara gwiwar sama, fuska ta ɗan kalli ƙasa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sheƙa masa ruwa, kada a bar shi shi kaɗai. In an girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa yana ja da tsayawa, asibiti. Mai jijjiga kuma ba a sa masa cokali a baki, ba a danne shi, a kawar da abin da zai buge, in ta lafa a juya shi gefe a tafi da shi.

Wata guda a shekara yana bukatar shiri na musamman. Mashaya da yawa suna ɗaura niyyar tuba da ganin watan Ramadan, su yanke sha a daren farko, niyya mai kyau ƙwarai. Amma ga wanda hannunsa ke rawa da safe, hakan na nufin awannin jijjiga da ruɗewa za su faɗo a azumi na farko zuwa na huɗu, ciki babu abinci, jiki babu ruwa, sukari ya yi ƙasa, a zafin Kano. Wanda ya san ɗan'uwansa yana da wannan niyya, ya kai shi wajen likita tun farkon Sha'aban, a sauke shi a gama, a duba hanta da sukari, likita ya faɗi ko jikinsa zai ɗauki azumin bana ko sai ya rama daga baya.